Shamandura a Marsar Ayu

Bashir, ajiye basillar nan tukuna. Tijjani, zagayo ta damana, kunnen hagu ya daɗe da mutuwa. Mai gahawa ya gaya mini hirar da kuka yi jiya, wai jam'iyya, ƙungiyar nan ta masu tsare teku, ta ɗauke ku aikin da ba aiki ba, wanka a teku a biya ku, Turawa suna ɗaukar ku hoto. Ban ga laifinku ba. Yaron da ya tashi a unguwar nan ta Faisal, tsakanin hayaƙin mikrobas da ihun 'yan tuktuk, wanda bai san ruwa ba sai na famfo da Nilun da yake leƙawa daga kan gada, dole ya ɗauka teku wurin hutu ne. Tunda jibi za ku hau mota, bari in gaya muku abin da za ku tarar, kada gobe ku ce Kawu Haruna ya ɓoye muku.

Ni a Bur Sudan aka haife ni. Kakanmu ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar hajji, ya iso bakin Bahar Maliya, guzuri ya ƙare, ya zauna. Tun ina saurayi nake nutso a tashar jiragen ruwa, ina kankare ƙasan jirage. Da abubuwa suka ƙi a can na shigo Masar. Na yi dako a nan Alƙahira, na yi gadi a unguwar Muhandisin, sai wani ya ce ana neman mai nutso a kudu, can bakin teku gaba da garin Kusair. Na tafi ina ganin na iya ruwa. Ashe nutso kawai na iya, aikin dabam ne.

Wurin wata marsa ce, wato inda teku ya yi lungu ya shigo cikin ƙasa kamar bakin ƙwarya. Dama da hagu duwatsun murjani ne, masu rai, waɗanda girmansu ke cin shekaru kafin ido ya ga bambanci. Tsakiya kuma yashi ne da ciyawar ruwa. Duk jirgin da ya kawo baƙi sai ya jefa anga, angar ta faɗa kan murjani, iska ta ja jirgin, sarƙa ta bi ƙasa tana sharewa kamar garma. Mutanen garin da kansu suka ga abincinsu ne ke lalacewa. Masunta da direbobin jirage da wata malamar makaranta, Ustaza Samiya, suka haɗu suka kafa jam'iyya. Babban aikinta dasa shamandura: a huda mataccen dutse a ƙasan ruwa, a kafa zoben ƙarfe, a ɗaura igiya, a sa tulun roba yana yawo a sama. Jirgi ya zo ya kama igiyar, ba sai ya jefa anga ba. A baki dai shi ke nan.

Ramin farko da na haƙa, Rayyis Hamid ne ya tsaya a kaina, Rayyis kuwa shugaban aiki ke nan a bakinsu. Mutumin ƙabilar Ababda ne, siriri, baƙi kamar mu, ya girme ni nesa, kuma shi ne babban mai nutson jam'iyya. Injin hudar dutsen ƙarfinsa ta tiyo biyu yake zuwa daga jirgi. A tudu in kana huda bango nauyinka kake ɗora wa inji. A ruwa ba ka da nauyi. Ina dannawa injin ya bar dutse ya juya ni. Na nemi abin da zan tokare ƙafa na tokare, na sake dannawa, farar ƙurar dutse ta tashi ta rufe ko'ina har ban ga tafin hannuna ba. Da na gama ina jin na yi abin kirki, Rayyis ya zura yatsa cikin ramin, ya girgiza kai, ya nuna sama. A jirgi ya ce ramin ya karkace, in aka sa zobe a haka iska ta farko za ta tuge shi. Sannan ya zaro wani dunƙulen murjani daga aljihun rigar nutsonsa, wanda ƙafata ta ɓalle, ya ɗora mini a hannu.

"Wannan ya girmi ɗan farinka," ya ce.

Bai sake bari na taɓa inji ba har zafi ya wuce. Aikina riƙe tiyo da miƙa kaya. Ya koya mini tsayawa cik a tsakiyar ruwa ba tare da na dafa komai ba, da numfashi kawai, ka cika ƙirji ka ɗan taso, ka saki ka ɗan sauka. Ya koya mini bambance mataccen dutse da mai rai, da bambance dutse mai ƙarfi da wanda cikinsa kogo ne, ta hanyar ƙwanƙwasa da guduma ka saurari amsar. Ba ya yawan magana. A ƙasan ruwa dama ba a magana, shi kuma ya ɗauko halin ya fito da shi tudu.

Kayan aiki kuwa, ku riƙe wannan. Siminti a jirgi ake kwaɓa shi, a dura a dogon bututu, a matse shi cikin rami daga ƙasa zuwa sama, don kada ruwa ya maƙale a tsakiya. Zoben dole ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa. An taɓa kawo mana na arha masu sheƙi, kafin shekara ta zagayo gishiri ya mayar da su kamar rake da aka tsotse. Wuƙa biyu ake ɗauka, ɗaya a ƙwauri ɗaya a ƙirji, domin ranar da taru ya naɗe ka ba ka san hannun da zai rage maka ba. Tukunyar iska, kafin ka goya ta, buɗe ka shinshina. In ka ji warin mai, ajiye ta, ko da aikin ranar zai tsaya. In ka gama aiki kada ka yi gaggawar tasowa. Mai gaggawa jininsa kumfa yake yi kamar kwalbar lemo da aka girgiza. Na ga mutumin da ya fito ya taka jirgi da ƙafarsa yana dariya, kafin la'asar ƙafafun sun mutu. Sai tuta. Ana kafa ta a kan ruwa daidai inda kuke, don duk mai wucewa ya san akwai mutane a ƙasa.

Igiyar nan da kuke rainawa, da kuke cewa kitso ne irin na mata, ita ce rabin aikin. Wani hunturu iskar arewa ta taso da ƙarfi, jirgi cike da baƙi yana kame da shamandura ta uku daga baki. Wanda ya saƙa idon igiyar, wato madaukin da ke bakinta, ya yi sauri, ya rage zagaye biyu, ya rufe da zare don kada a gani. Idon ya zare. Kafin direba ya tayar da inji, jirgin ya hau murjani ya ja cikinsa a kai. Ba wanda ya mutu. Amma da muka sauka washegari, fili ne fari fat kamar an yi titi a tsakiyar gona. Abin da ya fi wannan muni, direbobi suka daina yarda da igiyarmu. Suka koma jefa anga, har a gefen shamandurar. Sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, Rayyis yana saƙa ido a gabansu, yana ba su su ja da injin jirgi su gani, kafin suka dawo. Shi ya sa nake kwance muku aikinku ina sa ku sake. Ba mugunta ba ce.

Direbobin jiragen nan su ne masu cinikinmu, ko da ba sayar musu muke yi ba. Akwai mai ɗaure jirgi uku a igiya ɗaya, ta tsinke ya zo yana zagi. Akwai wanda zai ga igiya ta fara cinyewa ya yi shiru, wai ba tasa ba ce. Akwai kuma irin Gabir. Matashi ne a lokacin, ya gaji jirgin ubansa ya yi masa fenti shuɗi, yana cikin na farko da suka shiga jam'iyya. In ya ga baƙon jirgi zai jefa anga, tun daga nesa yake ɗaga murya. In baƙinsa suka taka murjani don ɗaukar hoto, sai ya kwashe su ya mayar otal, ko da za su kai ƙararsa. Yakan kawo mana shayi a filas har wurin aiki, ya zauna a bakin jirgi yana tsokanar Rayyis, yana kiransa Amm Hamid, wato baffa. Shi kaɗai na sani mai iya sa tsohon dariya.

Ranar da na fara ganin ayu ina ɗaure mari a zobe ne, ƙarfen nan da ke haɗa igiya da zobe, kaina a ƙasa, sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga ido na ga dabba ta kai girman saniya, tana kiwo a ciyawar ruwa, ƙura na tashi a bayanta, ɗanta yana manne da gefenta. Larabawa amaryar teku suke ce mata. Ni da na ba tsohuwarmu labari a waya, ta ce ai ayu ne, kakanmu yana ba su labarinsa a kogunan gida. Daga nan na riƙa ce wa wurin Marsar Ayu, har Rayyis ya ɗauka. Saboda ita baƙi ke zuwa daga ƙasashe. Ita ke ciyar da direbobi da masu girki da masu wanki, ba ta sani ba.

Sai 2011 ta zo da juyin juya halinta. Ku kuna nan Alƙahira kun ga naku. Mu can abin da muka gani shi ne baƙi sun watse kamar an kaɗa garke. Otal-otal suka rufe, suka sallami ma'aikata. 'Yan sanda suka ɓace daga hanya. Masu gadin gaɓa na gwamnati suna nan, amma jirginsu ba mai, sai su zauna a inuwa suna kallon ruwa. Man dizal ya zama sai an yi dogon layi. Mutanen da suka ajiye taru shekaru da yawa suka koma ɗaukar baƙi, suka shiga ɗaki suka zaro tsohon taru, domin yara ba sa cin fenti shuɗi.

A wannan shekarar na rako Ustaza Samiya nan Alƙahira, wani ofishi a Muhandisin da ya saba taimaka mana da kayan aiki. Titin da na taɓa yin gadi ne, har na gaisa da tsofaffin abokai. Aka zaunar da mu a sanyin na'ura, aka kawo shayi. Wani mai ladabi ya bayyana mana cewa duk taimakon da ke fitowa daga waje an tsayar da shi, ana binciken takardun ƙungiyoyi, su ma ba su san gobensu ba. Ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri. Ustaza ta ce ba albashi ta zo nema ba, igiya da mari take so. Ya ce ya fahimta. Muka fito da kwali guda na hotunan kunkurun ruwa masu rubutun a kiyaye muhalli. Ni na ɗauko kwalin a ka har tashar mota. Daga baya da su muka riƙa toshe tagar ɗakin ajiya.

Igiyoyinmu suka fara ɓacewa. Ka zo da safe ka ga tulun babu, igiyar an yanke ta iya inda hannu ya kai. Nakan ga igiyar da na saƙa da hannuna a wuyan raƙumi, ko tulunmu yana riƙe da tarun wani. Na ce wa Rayyis mu je mu karɓo. Ya ce in bari, wanda ya yanke ya san ta wa ce, kuma ya san mun sani, wannan ya ishe shi. Muka riƙa haɗa guntaye muna mayarwa. Albashi ya tsaya, masu nutso biyu da muke tare suka tafi haƙar zinariya a duwatsu. Muka rage ni da shi.

Wata safiya wani masunci ya zo da kansa ya kira mu. Ɗan ayun ya shiga tarunsa. Dabba ce mai shaƙar iska kamar mu, in ta kasa tasowa nutsewa take. Muka sauka muka yanke tarun, amma ya riga ya sandare. Uwar tana zagaya mu, ba ta matso ba, ba ta tafi ba. Muka jawo shi bakin yashi, mutanen gari suka taru suka yi cirko-cirko. Ustaza ta ce kada a binne shi sai kowa ya gani. Bayan sallar Juma'a ta roƙi liman ya tsayar da mutane, aka yi magana mai zafi. Wani ya ce mata ita tana da albashin makaranta, shi ya sa take tausayin kifi. Ba ta musa ba. Ta ce gaskiya ne, amma ranar da baƙi za su dawo, me za a nuna musu? A ƙarshe dattawa suka yanke cewa taru ya tsaya a wajen bakin marsa, a ciki ƙugiya kawai. Aka yi fatiha. Gabir na cikin waɗanda suka fi kowa goyon baya.

Yarjejeniyar ta riƙe fiye da yadda na zata. Baƙi ma suka fara ɗigowa. Sai 2013 aka sake rikici, suka sake guduwa, wannan karon har da waɗanda suka jure na farko. Mutane sun riga sun sayar da abin sayarwa. A lokacin nakiya ta shigo gari, daga wajen masu fasa dutse. Mukan ji ƙararta daga nesa da sassafe, dum, kamar an rufe babbar ƙofa. Kowa ya san abin da ake yi, ba wanda ya san mai yi. Ana jefa ta cikin garken kifi, ta kashe na kashewa, a kwashe wanda ya taso. Mafi yawa nutsewa suke su ruɓe. Murjanin wurin kuwa ya zama tsakuwa.

Aikina na ƙarshe a ruwa canza mari ne a shamandura ta bakin arewa. Ƙaramin aiki, ba ya kai a kira shi aiki. Jirgin jam'iyya ba mai, don haka muka shiga daga gaɓa muka yi iyo. Tutarmu an daɗe da sacewa, muka ɗaura jarkar mai ruwan ɗorawa a madadinta. Wurin ya fi ko'ina kifi a duk yankin, domin shekaru muna tsare shi, kuma kifi na son inuwar igiya. Ranar ma sun taru a kanmu har suna rage haske. Ni ina ƙasa ina kwance tsohon marin da sifana, Rayyis yana sama da ni yana riƙe da igiyar don kada ta kuɓuce.

Ban ji ƙara ba. Duka na ji, kamar an ɗauki ƙofar ƙarfe an maka mini a ƙirji da kai lokaci ɗaya. Gilashin fuskata ya cika da jini. Na rasa ina ne sama ina ne ƙasa, komai yana juyawa. Hannuna ne ya faɗa kan igiya, na kama, na bi ta. Kifaye suna zubowa a kaina kamar ganye. A rabin hanya na ci karo da Rayyis, bakinsa ba bututun iska, idonsa a buɗe. Na mayar masa da bututun na riƙe, na rasa ƙarfin da zan ja mu duka biyu.

Sai na ga mutum ya faɗo daga sama da buhun raga a hannu, ya zo kwasar kifi. Ya tsaya. Ya saki buhun. Gabir ne. Ya zagayo ta bayan dutse da ƙaramin kwalekwale, rana a idonsa, ya ga garken kifi, ya ga jarka ya ɗauka shara ce, ya jefa nakiya. Shi ya fito da mu, ɗaya bayan ɗaya. A cikin kwalekwalen ina ganin bakinsa yana buɗewa yana rufewa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ba na jin komai.

Asibitin can suka ce abin ya fi ƙarfinsu, aka kawo mu Alƙahira. Ni dodon kunnuwana ne suka fashe, ɗaya ya ɗan warke, ɗaya ya tafi. Likita ya ce ni da nutso har abada. Rayyis huhunsa ne ya yage, kunnuwansa duka biyu suka mutu. Aka yi masa aiki, aka ce sai ya zauna kusa da asibiti ana dubawa. Ba shi da kowa a birnin nan. 'Yan'uwanmu na Faisal suka samo mini wannan shagon, Ustaza ta ce tunda dama a nan ake sayen igiya, in riƙa saƙawa ina aika musu a motar kudu. Can inda buhunan nan suke jingine, nan gadonsa yake. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon ruwa har iyakar gani, ya koma kallon bangon maƙwabta da wayoyin lantarki. Bai taɓa yin ƙorafi ba. In ƙarfi ya ɗan zo masa yakan karɓi igiya ya duba saƙata, ya nuna inda bai gamsu ba.

'Ya'yansa maza suka so a kai maganar ga hukuma, wasu danginsa kuma suka so abin da ya fi haka. Gabir ya ɓace daga gari. Ana nan wata ranar hunturu bayan azahar, na ɗaga kai na ga mutum tsaye a ƙofar nan, ba takalmi, ya rame har ban gane shi da farko ba. Ya miƙo hannaye biyu, farin yadi a ninke a kai. Al'adar mutanen kudu ce: wanda ya ɗauki alhakin jini yakan ɗauko likkafaninsa ya kai wa masu jinin, ma'ana ga ni, ku yi yadda kuka so. Tun daga tashar mota ya taho da shi a haka, ta cikin kasuwa, mutane suna kaucewa.

Ya durƙusa gaban gadon ya fara magana. Na taɓa kafaɗarsa na nuna masa kunne, wato Rayyis ba ya ji. Rayyis ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki yadin, ya murza shi tsakanin yatsu yadda yake murza sabuwar igiya. Da yake ba ya jin muryarsa, da ƙarfi yake magana, har mai gahawa ya ji.

"Yadin mai kyau ne. Haruna, ajiye mini, ni zan riga shi buƙata." Ya juya ga Gabir. "Kai kuma zauna. Marin nan na bakin arewa ba mu gama ɗaure shi ba."

Ya sa na ba Gabir basilla da guntun igiya. Gabir ya zauna a ƙasa, daidai inda kake zaune Bashir, ya saƙa ido na farko. Rayyis ya kwance ya jefa masa. Ya sake saƙawa, Rayyis ya sake kwancewa. Gabir ya zauna tare da mu har hunturu ya fita. Da rana saƙa, da yamma Rayyis yana zana masa ƙasan marsa a bayan kwali, ina dutse mai ƙarfi, ina mai kogo, ina ruwa ke ja. Shi ke ɗaga tsohon ya kai shi bayi, shi ke goya shi zuwa bakin titi ranar asibiti. Ban taɓa jin sun koma kan maganar ranar nan ba. Rayyis ya sa aka kira babban ɗansa a waya, ya faɗa masa ba hukuma, ba ramuwa, wanda ya taɓa Gabir bai yafe masa ba. Ɗan ya yi biyayya, amma har yau in ya hango Gabir hanya yake canzawa.

Rayyis ya rasu farkon zafin 2014. Da wannan yadin muka yi masa sutura. Muka kai shi gida, aka binne shi a tudun da ke kallon marsa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Bakin arewa tsakuwa ne har yanzu, kuma ba a zamaninku zai dawo ba. Uwar ayun tun ranar nakiyar ba wanda ya sake ganinta. Wani mai otal ya samu sararin rikicin ya zuba ƙasa da baraguzai a gefen kudu don ya ƙara fili, laka ta rufe ciyawar wajen, Ustaza tana ta zirga-zirgar kotu, gashinta ya yi fari a kai. Baƙi kaɗan ne. Albashi wata ya zo, wata ya ƙi. Shamandurar da muka dasa, wajen rabi ne suka dawo aiki. Abin da ya rage shi za ku je ku tsare, kuma ba wanda zai tafa muku.

Wanda zai tarye ku a tasha Gabir ne. Shi ne Rayyis yanzu, haka za ku kira shi. Ya je ya koyi nutson aiki da inji a wajen wasu, ya dawo, shi ya ɗaure marin bakin arewa. Zai ba ku haushi. Kafin kowa ya taɓa ruwa sai ya zagaye marsa kaf da kwalekwale, ya leƙa bayan kowane dutse, ya kafa tuta biyu, ya bar mutum a sama ba ya yin komai sai kallo. In ba a samu mai tsayawa a sama ba, ba aiki ranar, ko wa ya ce a yi. Nutsonku na farko ba zai ba ku ko sifana ba. Zai kai ku wurin tsakuwar nan ya tsayar da ku a kai, ku yi ta kallo har iskarku ta yi rabi. Ba zai yi muku bayani ba, ni na riga na yi.

Abu ɗaya kuma. Mutanen can kusan kullum kifi ne abincinsu. In an sauke tukunya aka zauna, za ku ga ya ɗauki gurasarsa ya miƙe ya koma bayan ɗakin ajiya. Ku matsa masa ya wuce. Kada ku kira shi, kada ku tambaye shi.